Harley ko Honda: ina kishin babur ya tsaya, ina raini ya fara?

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin sayen babban babur na tafiyar nesa, amma abokan hawanka sun raba maka hankali biyu. Masu Harley-Davidson sun ce duk wanda bai hau nasu ba wasan yara yake yi, masu Honda kuma sun ce Harley ba komai ba ce sai tsada da ƙara. Kana so ka san wa ke da gaskiya. A ganina, idan kowannensu yana ba ka labarin babur ɗin da yake hawa, ka saurare shi da kyau, domin ya san abin da yake faɗi. Da zarar ya juya kan na ɗaya ɓangaren, to ka rage kunne, yawanci ji ya yi ba gani ba.

Mu fara da inda rigimar ta samo asali, don ta girmi yawancin masu yin ta. An kafa Harley a 1903 a birnin Milwaukee na Amurka. Honda kuwa sai 1948 Soichiro Honda ya kafa ta a Japan, ta shiga kasuwar Amurka a 1959 da ƙananan babura. A lokacin ana yi wa mahaya manyan babura kallon 'yan tayar da zaune tsaye, sai Honda ta fito da talla a 1963 mai cewa mutanen kirki ne ke hawa nata. Ka ga tun daga nan an ja layi: ga masu baƙar rigar fata, ga masu fara'a. A 1969 Honda ta fitar da CB750 mai silinda huɗu da birkin faifai a gaba, ga sauri ga rashin ba da wahala. A shekarar kuma wani kamfani mai suna AMF ya sayi Harley, aka yawaita ƙira, inganci ya faɗi. A wancan zamanin ne Harley ta yi ƙaurin suna wajen yoyon baƙin mai, kuma har gobe masu Honda da wannan suke yi mata gori, duk da cewa manyan ma'aikatanta 13 sun fanso kamfanin a 1981, kuma injin Evolution na 1984 ya magance yawancin matsalar. Gorin ya haura shekara 40, masu yin sa da dama ba a haife su ba lokacin da yake gaskiya.

Su ma masu Harley suna da nasu tsohon ƙullin. A 1983 Shugaba Ronald Reagan ya ɗora ƙarin harajin kashi 45 cikin 100 a kan baburan waje da injinsu ya haura cc 700, domin a ceto Harley. Kamfanonin Japan suka rage injinansu kaɗan zuwa ƙasa da wannan iyakar suka ci gaba da ciniki. A 1987 Harley da kanta ta nemi a janye harajin, shekara ɗaya kafin wa'adinsa ya cika. Tun daga wancan lokacin hawa Harley ya zama wa Amurkawa da yawa kamar ɗaga tutar ƙasa, babur ɗin Japan kuma ya zama baƙon da ya so ya ci gida. Abin dariyar shi ne za ka tarar da mutumin da bai taɓa taka Amurka ba ya ɗauki wannan fushin ya yafa.

A wajen inji, kowanne da abin da ya sa a gaba. Injin Harley na gargajiya silinda biyu ne da suka buɗe kamar harafin V a kusurwar digiri 45, kuma sandunan fistin ɗin biyu a wuri ɗaya suke kama karanshaf. Saboda haka wutar ba ta tashi a tazara ɗaya: bugu biyu kusa da juna, sai ɗan jinkiri. Wannan ɗingishin ne ke ba da sautin da masoyanta ke mutuwa a kai, shi ne kuma ke kawo girgizar da masu ƙin ta ke kuka da ita. Yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa, ba sai ka murɗa totur sosai ba, kuma yawancinsu bel ne ke juya tayar baya maimakon sarƙa. Amma da yake iska ce ke sanyaya mafi yawan injin, idan ka maƙale a cunkoso cinyoyinka za su gaya maka. Gold Wing ta Honda, wadda ta fara fitowa a 1975, a yau silinda shida take da su a kwance, cc 1833, ruwa ke sanyaya ta, sandar ƙarfe ke kai ƙarfi baya, har akwai mai sauya giya da kanta. Tafiya take sumul, ba girgiza, ba hayaniya. Mai Harley zai ce wannan mota ce aka cire wa taya biyu, ba ta da rai. Mai Honda zai ce ran da kake nufi girgiza ce ka saba da ita. Dukansu abu ɗaya suke kwatantawa, dandano ne ya bambanta.

Kada ka ɗauka sautin nan ƙaramin abu ne. A 1994 Harley ta nemi a yi mata rajistar ƙarar injinta a matsayin alamar kasuwanci, abokan gasarta suka ƙi amincewa, aka yi ta ja har ta haƙura a 2000. A tsakiyar shekarun 1990 kuma Honda ta fitar da wata Shadow da aka sauya wa karanshaf don ta yi irin wannan bugun, ko da hakan ya rage mata ƙarfi. Wato kamfanin da magoya bayansa ke cewa ƙara aikin banza ne, shi ma ya san ƙarar tana sayar da babur.

Kan batun ƙarko akwai alƙaluma, ba sai an yi musu ba. A 2015 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta tambayi masu babura sama da 11,000. Ta ƙiyasta cewa kafin cikar shekara huɗu, kashi 12 cikin 100 na baburan Honda kan sami matsalar da sai an gyara, Yamaha kashi 11, Harley kashi 26, BMW kuwa kashi 40. A nan masu Honda sun yi nasara ƙarara. Sai dai da aka tambaye su ko za su sake sayen irin babur ɗin, kashi 72 na masu Harley suka ce tabbas, masu Honda kashi 70. Wannan shi ne wurin da ya kamata ka tsaya ka yi tunani. Babur ɗin da ya fi kai mai shi wurin bakanike har ninki biyu, shi ne mai shi ya fi cewa zai sake saye. Ashe mutane ba lissafin gyara kaɗai suke yi ba.

To me suke saye? Jama'a. A 1983 Harley ta kafa ƙungiyar masu baburanta, HOG, mai rassa a jikin shagunan dillalanta a ƙasashe da yawa. Ka sayi babur, a haɗa maka da abokan tafiya, da riga, da taro, da wanda zai tsaya in ka lalace a hanya. Akwai masu zana tambarin kamfanin a fatar jikinsu, abin da da wuya ka gani a wajen mai Honda. Ita Honda ta yi yawan da tambarinta ba zai iya zama alamar wata ƙabila ɗaya ba: Super Cub kaɗai, da aka fara ƙerawa a 1958, ta cika miliyan 100 a 2017. Mai kai saƙo da mai tseren fili da dattijon da ke yawon ƙasa da matarsa a baya, duk fiffike ɗaya ne a tankinsu. Don haka kishin mai Honda ya fi tsayawa kan samfurin da yake hawa, na mai Harley kuma kan sunan gaba ɗaya.

Ni ban ga laifin wannan kishin ba. Mutumin da babur ya kai shi ya dawo da shi shekara da shekaru, ya san kowane noti a jikinsa, ya san bakaniken da ya iya shi, in ya ce ba zai sauya ba, hankali ya yi. Inda abin ke lalacewa shi ne lokacin da ƙaunar nasa ta koma ma'aunin da yake auna mutane da shi. Mahaya kan ɗaga wa juna hannun hagu in sun haɗu a hanya, sai ka ga wani ya fara duba tankinka kafin ya yanke shawarar amsawa. Mai Harley da ke shan ƙamshi da suna da tarihi yake yi. Mai babur ɗin Japan da alƙaluma yake hura hanci: ƙarfin doki nawa, sakan nawa ya kai gudun kilomita 100, kuma yana yi wa mai Harley kallon wanda aka damfara. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa yana hango na wani.

Abin da ya fi tona asirin rainin shi ne ba ya tsayawa a bakin iyaka, cikin gida ma yana ci. Sportster tun 1957 Harley ke ƙera ta, amma wasu masu manyan samfura suna kiran ta babur ɗin 'yan koyo. V-Rod ta Harley ta fito a 2001 da injin da aka ƙera tare da Porsche, mai sanyaya da ruwa, mai gudu sosai, 'yan gargajiya suka ce ba tasu ba ce, aka daina ƙera ta a 2017. A ɗaya gefen, mai injin cc 1000 yana raina mai 600, dukansu kuma suna raina mai sikuta. Wanda ke neman wanda zai raina ba zai rasa ba, ko da kamfanin babur ɗaya ne ya rage a duniya.

Sannan tambarin da ake wannan alfahari da shi ba ya faɗa maka inda aka yi kayan. Shekaru da yawa Harley tana amfani da kafireton Keihin da shokozoban Showa, kamfanonin Japan da ke da alaƙa ta kusa da Honda. Ita kuwa Gold Wing kusan shekara 30 a jihar Ohio ta Amurka ake harhaɗa ta kafin a mayar da aikin Japan. Harley tana da masana'anta a Tailan da Brazil, kuma ƙaramarta X440 kamfanin Hero na Indiya ne ke ƙera ta. Haka abin yake a Turai: TVS ta Indiya ce ta yi wa BMW samfurin G 310, Bajaj, ita ma ta Indiya, ke yi wa KTM da Triumph ƙananansu.

Ga hukuncina a kan tambayarka. Idan wannan ne babban babur ɗinka na farko, kuma abin da kake so shi ne ka tayar ka tafi ba tare da tunanin gyara ba, Honda ta fi dacewa da kai, amma ba Gold Wing ba tukuna. Ita da manyan Harley na tafiyar nesa duk sun haura kilo 350, kuma nauyi irin wannan ba ya yafe wa sabon hannu a juyi ko a kan yashi. Fara da matsakaiciya, irin Rebel ko NC750X. Idan kuma ka hau Harley ka ji bugun nan ya shige ka, ka kasa mantawa da shi, kada alƙaluman kowa su hana ka. Ka saya da idonka a buɗe, ka ware kuɗin kula da ita, ka kuma tabbatar akwai bakaniken da ya san ta da wurin samun kayan gyara a inda kake.

Kafin ka biya, ka hau kowanne na aƙalla rabin awa, ciki har da cunkoso, ka yi juyi a ƙaramin fili, ka tura shi baya da ƙafa, ka ɗaga shi daga kan jek. Sannan a kowane ɓangare ka nemi wanda mitarsa ta fi nuna kilomita, ba wanda ya fi baki ba, ka tambaye shi me ya lalace masa a bara da kuma tsawon lokacin da ya jira kafin kayan gyaran su iso.