Ƙofar da ta ƙi buɗewa da wadda ta buɗe wa ɓarawo

Ɗan'uwa, ka ce ma'aikatanku yanzu ta manhajar tantancewa ta gajimare suke shiga komai, wato manhajar intanet da ke tabbatar da ko kai wane ne kafin ta bar ka ka shiga, irin su Okta ko Microsoft Entra, kuɗin tsaro kuma bai taka kara ya karya ba. Tambayarka: wanne za a fara toshewa, raunin tantancewa ko harin cunkoso?

Harin cunkoso mai hayaniya ne. Ana turo buƙatun bogi tuli har sabar ta kasa numfashi. A farkon Yunin 2023 ƙungiyar da ke kiran kanta Anonymous Sudan ta yi wa Microsoft haka, manhajojinta na Outlook da OneDrive da shafin Azure suka yi ta ɗaukewa. Ma'aikaci na zaune ya zuba wa allo ido, ɗan da'irar nan na ta juyawa, wayar mai kula da kwamfutoci kuwa ba ta huta ba. Amma Microsoft ta ce ba ta ga alamar an taɓa bayanan kowa ba. Asarar ta awoyi ce, kuma kariyar yawanci a hannun mai manhajar take, ba a hannunku ba.

Raunin tantancewa shi ne mugun ɓoye. A daidai wannan lokacin, wasu masu kutse da Microsoft ta alaƙanta da Sin suna cikin akwatunan imel na hukumomi da ƙungiyoyi kusan 25. Sun samu wani makullin sa hannu na 2016, wato lambar sirrin da Microsoft ke hatimce izinin shiga da ita, suka riƙa buga wa kansu takardar shiga da hatimin gaske. Makullin na asusun mutane ne na gida, bai kamata ya yi aiki a asusun ma'aikatu ba, sai dai manhajar imel ta Microsoft ba ta bincika wannan bambancin. Tun tsakiyar Mayu suke ciki, ba a farga ba sai bayan kusan wata guda, bayan an kwashe saƙonni wajen 60,000 daga Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka. Ita ma'aikatar ce ta gano, don tana biyan kuɗin rajistar da ke nuna wa ya buɗe wane saƙo. Wanda bai biya ba, ko inuwar ɓarawon ba zai gani ba, abin da har yau ke ba ni haushi, ko da yake daga baya an sakar wa kowa rajistar.

Don haka ni a nan zan sa kuɗin. Sai dai kada ka ɗauka su biyun ba sa haɗuwa. A ƙarshen Oktoban 2024 Okta ta gano wani kuskure da ya zauna tun Yuli. Tana haɗa lambar mutum da sunan shigarsa da kalmar sirrinsa ta niƙa su da bcrypt, wata dabarar ɓoye kalmar sirri, shi kuwa bcrypt ba ya karanta abin da ya wuce bayit 72, wato kusan haruffa 72. Idan sunan ya kai haruffa 52, kalmar sirrin ta faɗa waje, wato ko da ta bogi ana iya shiga. Wannan hanyar kuma ana bin ta ne idan an kasa samun sabar kamfanin, ko ta faɗi ko cunkoso ya yi mata yawa, sai a dogara da abin da aka ajiye daga shigar mutum ta baya. Ka ga cunkoson ne ke tura mai gadi ga ƙofar da ba ta da sakata. Asusun da ke da tantancewa mataki biyu, wato ƙarin shaida bayan kalmar sirri, bai shiga wannan ramin ba.

Ku tilasta mataki na biyun ga kowa, shugabanni a gaba, da makullin hannu, 'yar na'urar da mutum ke riƙewa, idan da hali, ba saƙon tes ba. Ku kunna rajista, a samu mai duba ta. Ku ajiye asusun gaggawa ɗaya ko biyu don ranar da shiga ta tsaya. Sannan ka tambayi wanda ya haɗa muku tsarin: idan sabar ta yi shiru, ƙofar kullewa take ko buɗewa? Ka ce ya cire wayar sabar ya gwada a gabanka.