Yankan Faifan Garmaho: A Kan Fenti Ko A Kan Jan Ƙarfe?

Tsohuwar hanyar yanka faifan asali da ake buga sauran faifai daga gare shi, wadda ta fara yaɗuwa tun 1934, ita ce a shafe farantin alminiyam da wani fenti mai taushi, sannan allurar yakutu da aka ɗumama ta riƙa tsaga layin sauti a kansa. Taushin fentin yana ba allurar damar nutsewa sosai, shi ya sa masu son kiɗa mai nauyin amo suka fi karkata gare ta. Wahalarta tana zuwa ne bayan yanka, domin fentin ba ya jure ajiya, kuma sai an fesa masa azurfa an lulluɓe shi da nikel kafin a sami mazubin buga faifai. A 2020 gobara ta cinye masana'antar Apollo Masters da ke Kalifoniya, mai yin irin waɗannan farantan masu fenti, aka bar kamfanin MDC na Japan shi kaɗai yana samar da farantan.

Hanyar DMM kuwa (wato Direct Metal Mastering, yanka kai tsaye a kan ƙarfe), wadda kamfanonin Teldec da Neumann na Jamus suka fito da ita a farkon shekarun 1980, allurar daimon ce ke yankan jan ƙarfe kai tsaye, ba a buƙatar azurfa. Siraran sautuka sun fi fita tsaf, kodayake wasu kunnuwan na jin kaifinsu ya yi yawa. Ga dogon faifai, ita na fi amincewa da ita.