Ciwon Maƙogwaro da Kumburin Dasashi: Abin da Ya Cancanci Kuɗinka a Kemis, da Abin da Bai Cancanta Ba

Idan hunturu ya kankama, ƙura ta turnuƙe gari, ba abin da aka fi ji a bakin kemis kamar "a haɗa mini na maƙogwaro". Mai shago ya ɗauki almakashi, ya yanko ƙwaya biyu daga wannan kati, uku daga wancan, ya ƙara kafso, ya ƙulle a 'yar farar leda ya ce a sha safe da yamma. Babu suna a jikin ledar, babu ranar lalacewa, kuma in wani abu ya faru da mai sha, likita ba zai san me ya shiga cikinsa ba. Wannan haɗin shi ne abu na farko da nake roƙon ka daina saya, komai arhar sa.

Maƙogwaro da dasashi suna kusa da juna, amma buƙatarsu ta bambanta. Yawancin ciwon maƙogwaro ƙwayar bairos ce irin ta mura ke kawo shi, ko busasshiyar iska da ƙura, kuma yakan tafi da kansa cikin mako guda. Abin da kake saya a nan sauƙi ne kawai kafin jiki ya gama aikinsa. Dasashi kuwa ba ya sauka da haƙuri. Datti ne da ya maƙale a gindin haƙori yake kumbura shi, kuma muddin dattin yana nan, kumburin zai dawo ko me aka sha.

Na maƙogwaro

Mafi arha shi ne gishirin da ke ɗakin girki. Rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a kurkure har can ciki a tofar, sau uku ko huɗu a yini. Yana rage kumburi, yana wanke majinar da ta maƙale, kuma yana yi wa dasashi amfani a lokaci guda. Ƙananan yaran da ba su iya kurkura ba za su haɗiye, don haka ba nasu ba ne. Shayin citta da zuma da lemon tsami shi ma yana sanyaya maƙogwaro, sai dai a sha da ɗumi, ba da zafin da zai ƙona wurin da ya riga ya yi ja ba. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kada a ba shi zuma ko kaɗan, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yi maganinta ba.

Sai maganin zafi, kuma a nan zaɓi biyu ne na gaske: farasitamol da ibufurofen. Farasitamol ya fi dacewa da kusan kowa, har da mai juna biyu da mai gyambon ciki. Babba yana shan ƙwaya ɗaya ko biyu ta 500mg, da tazarar aƙalla awa 4, kuma kada ya wuce ƙwaya 8 a cikin awa 24, don abin da ya wuce haka hanta yake ci. Inda mutane suke afkawa ba da saninsu ba shi ne yawancin magungunan mura suna da farasitamol a cikinsu, sai mutum ya sha na mura ya ƙara da Panadol, wanda shi ma farasitamol ne, ya ninka ba tare da ya lura ba. Ibufurofen ya fi ƙarfi wajen rage kumburi, shi ya sa ya fi aiki ga dasashi da ciwon haƙori, amma yana da sharuɗɗa: a sha bayan an ci abinci, kuma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar shi sai da izinin likita. Mai asma ma ya tambaya tukuna. Asfirin kuwa, har da garin Alabukun da yake asfirin ne da kafeyin, ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba.

Tsakanin Tom Tom da Strepsils, bambancin kuɗi ya fi bambancin aiki yawa. Tom Tom alewa ce mai sukari da mentol, tana sanyaya maƙogwaro kuma tsotsonta yana kawo miyau, wanda shi ne rabin amfanin kowace alewar maƙogwaro. Strepsils tana da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta masu sauƙi, tana rage raɗaɗi na ɗan lokaci, amma ba ta warkar da ciwon. In aljihu ya yi ƙasa, ban ga laifin ɗaukar mai arha ba. Amma wanda dasashinsa ma ya kumbura, ko mai ciwon suga, ya tuna cewa yini guda yana tsotsar sukari abinci yake kai wa dattin da ke haƙoransa. Yaro ƙasa da shekara 6 kada a ba shi ko wacce, yana iya shaƙewa. Maganin tari na ruwa kuma ba na maƙogwaro ba ne, balle mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigowa da shi tun 2018 saboda yadda ya lalata matasa.

Inda nake so mu daɗe shi ne kan kafso. Ampiclox, amoksisilin, da wannan mai ja da ɗorawa da ake tallarsa a tire a tasha, duk magungunan kashe ƙwayar cutar bakteriya ne. Ba sa taɓa bairos. Wanda mura ta kama ya sha kafso kwana biyu ya warke, da bai sha ba ma zai warke a daidai wannan lokacin. Abin da ya samu shi ne asarar kuɗi, wataƙila da gudawa, sannan ƙwayoyin cutar jikinsa sun koyi jure maganin, ta yadda ranar da yake buƙatarsa da gaske ba zai yi aiki ba. Mai ja da ɗorawar, wato tetrasaikilin, yana ɓata launin haƙoran yara har abada idan aka ba su kafin shekara 8, haka ma idan uwa ta sha tana da ciki.

Wannan ba ya nufin kafso ba shi da rana. Akwai ciwon maƙogwaron da bakteriya ke kawowa, ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Alamunsa zazzaɓi mai zafi, fari-fari kamar mugunya a gefen maƙogwaro, kaluluwa mai ciwo a ƙarƙashin muƙamuƙi, kuma yawanci babu tari babu yoyon hanci. Irin wannan yana buƙatar maganin kwana 10 cif, domin in an yi wasa da shi yana iya komawa ciwon gaɓoɓi, daga baya ya lalata ƙofofin zuciya, yaro ya girma da haki da kumburin ƙafa. To ka ga matsalar haɗin kemis ta fuska biyu ce: wanda ba ya buƙata an ba shi, wanda yake buƙata kuma an ba shi na kwana biyu maimakon goma. Ma'aikacin lafiya ne zai leƙa da fitila ya raba.

Wanda ba na kemis ba ne sam

Tun ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi jin jiki, sannan Yobe, Katsina, Bauchi da Borno, ta kuma taɓa yankin Damagaram a Nijar. Tana farawa kamar ciwon maƙogwaro na yau da kullum. Abin da ya raba ta shi ne wata fata mai ruwan toka da ke shimfiɗuwa a cikin maƙogwaro, wuya ya kumbura sosai, murya ta dishe, numfashi ya riƙa ƙara. Yaron da ya nuna haka, musamman wanda bai samu rigakafin sati 6, 10 da 14 ba, asibiti za a nufa da shi a wannan sa'ar. Haka nan duk wanda ya kasa haɗiye miyau, ko ya kasa buɗe baki, ko numfashi yake yi masa wuya.

Akwai kuma wani zaɓi da ba a kemis ake sayensa ba, amma iyaye da yawa suna biyan kuɗinsa: kai yaro wurin wanzami a cire masa belu. Na san al'ada ce da ta daɗe, kuma kakanni suna yin ta ne da kyakkyawar niyya. Amma belu halitta ce da kowa yake da ita, kumburinta alamar ciwo ce, ba ita ce tushen ciwon ba. Yanke ta yana jawo zubar jini da ke da wuyar tsayarwa, da cutar sarƙewar haƙora (tetanus), da cututtukan da ƙarfe ke ɗaukowa daga jinin wani zuwa wani. Idan kuma abin da ke damun yaron mashaƙo ne, an ɓata awannin da za su cece shi.

Na dasashi

Mutum ya goge baki ya tofar ya ga jini, abin da yakan fara yi shi ne ya daina taɓa wurin. Wannan yana ƙara ciwon ne. Jinin yana nuna datti ya taru a inda haƙori ya haɗu da dasashi, kuma gogewa a hankali sau biyu a rana, minti biyu-biyu, yakan tsayar da shi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Saboda haka sayayya mafi muhimmanci a nan ita ce buroshi mai laushi da ƙaramin kai. Mutanenmu suna son mai tauri, suna ganin ya fi wankewa, alhali yana kankare dasashi har gindin haƙori ya fito fili ya riƙa tsami da ruwan sanyi. A canza shi duk wata 3, ko da zarar gashin ya baje.

Asuwaki fa? Ba na cikin masu raina shi. Wanda ya iya amfani da shi, ya tauna bakin ya yi laushi, ya bi haƙori ɗaya bayan ɗaya, yana yanke tsohon bakin a kai a kai, yana samun tsafta mai kyau, ga kuma ladan sunna. Gazawarsa biyu ce: da wuya ya kai bayan turamen ciki, kuma ba zai ba ka adadin fulorayid da man goge baki yake bayarwa don kare haƙori daga ruɓewa ba. Ni a ganina a haɗa su, buroshi da safe da kafin barci, asuwaki a lokutan salla. Wajen man goge baki, kada sunan kamfani ko hoton ganye ya ruɗe ka, juya kwalin ka nemi adadin fulorayid, na manya ya kasance tsakanin 1,000 da 1,500ppm. Gawayi da toka suna sa haƙori fari na ɗan lokaci ta hanyar cinye bayansa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Tsinken sakace ma gara a maye gurbinsa da zaren sakace, wanda yake shiga tsakanin haƙora ba tare da soke dasashi ba.

Ruwan kurkure baki iri biyu ne a kan kanta. Akwai na yau da kullum irin su Listerine, masu ƙamshi da rage datti kaɗan, wasu da barasa a ciki wasu babu, an rubuta a jikin kwalba. Akwai kuma na magani wanda za ka ga an rubuta chlorhexidine a jikinsa, kamar Corsodyl. Idan dasashi ya kumbura har buroshi ba ya taɓuwa, na biyun ne ya cancanci kuɗinka. Amma na ɗan lokaci ne, mako ɗaya ko biyu, domin yana rina haƙora da harshe su yi ruwan ƙasa, yana kuma canza ɗanɗano. A bar tazarar rabin awa tsakaninsa da man goge baki. Kanumfari yana kashe raɗaɗi da gaske, amma mansa zalla yana ƙona nama, haka ma ƙwayar asfirin da wasu ke dannawa a kan dasashi.

Idan dattin ya daskare ya zama kamar dutse mai ruwan ɗorawa ko baƙi a gindin haƙora, babu buroshi ko ruwan kurkura da zai ɓamɓare shi. Sai wankin haƙori a wurin likitan haƙori, wanda ake yi a manyan asibitocin gwamnati da na koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Kuɗinsa ya fi na kwalbar magani, amma in ka lissafa kwalaben da za ka saya a shekara ba tare da kumburin ya tafi ba, shi ne mai arha. Ka gaya wa likitan duk abin da kake sha, don wasu magungunan hawan jini kamar amlodifin da nifedifin, da maganin farfaɗiya fenitoyin, suna sa dasashi ya yi kauri. Juna biyu ma yana kumbura shi, haka ciwon sugan da ba a kula da shi ba. Sigari kuwa ɓoye jinin yake yi, ciwon yana ci ta ƙasa.

Kumburin da ya fito kumatu ko ya gangaro ƙarƙashin haɓa tare da zazzaɓi, mugunya ce ta taru, kuma tana iya toshe hanyar numfashi. A ƙaramin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai rama, musamman bayan ƙyanda, gyambon dasashi mai wari yana iya zama farkon cutar noma, wadda ke cin fuska cikin kwanaki. In an kama ta da wuri, magani da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Saura fargaba, wadda ita ma tana cin kuɗi. Mutum ya haska bakinsa da fitilar waya a gaban madubi, ya shiga intanet, kafin asuba ya yanke wa kansa hukuncin ciwon daji ko ƙanjamau, gari na wayewa ya fara sayen magani iri-iri. Damuwa da kanta tana busar da baki, tana sa a ji kamar wani abu ya tokare a wuya. Ƙwannafi ma yana ƙona maƙogwaro, musamman ga mai kwanciya da ya gama cin tuwon dare. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi mako 3 ne: gyambon baki da bai warke ba, dishewar murya, ko ƙullutu a wuya da ya wuce wannan lokaci, a je a duba. Idan tunanin ƙanjamau ko suga ne ya hana ka barci, gwajinsu ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako kuma cikin mintuna, kuma ya fi duk wata ƙwaya da za ka saya a kan zato.

Duk abin da ka zaɓa, ka karɓe shi a kwalinsa, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wasu magungunan bakteriya suna da wurin kankarewa mai lamba da ake turawa ta saƙon waya don tabbatar da sahihancinsu, ka yi hakan kafin ka bar shagon. Ka ajiye kwalin har ka warke, in ta kama a je asibiti ka tafi da shi.