Recuva: idan fayil ɗaya tak ka goge, fara da wannan

Masu tambayata wace manhaja ce ke dawo da fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, amsata dai kullum Recuva ce, amma da sharaɗi. Kamfanin Piriform ne ya yi ta, waɗanda suka yi CCleaner, a Windows take aiki, kuma ta kyauta ɗin ta ishe ka, ba ta da irin wannan abun na wasu manhajojin da za su nuna maka fayil ɗinka ƙiri-ƙiri sannan su ce sai ka biya dala kafin ka ɗauka. Ni a shagon buga takardu nake amfani da ita, yawanci ɗalibai ne ke zuwa hankali a tashe, babi guda na furojet ya tafi, ko wani ya danna Shift da Delete tare don haka ko a Recycle Bin babu shi.

Sharaɗin shi ne ka cire hannunka daga kwamfutar nan take. Wallahi wannan ya fi manhajar kanta muhimmanci. Idan Windows ta goge fayil ba ta share abin da ke ciki, kawai ta yi wa wurin alama ce cewa babu kowa, kamar ɗakin haya da aka soke sunan mai shi a littafi amma kayansa na nan ciki har sai sabon ɗan haya ya tare. To duk abin da ka yi bayan nan, buɗe intanet ne, sauke fim ne, ko ma ita kanta Windows ɗin tana sabunta kanta, zai iya hawa kan wurin, kuma da ya hau shi ke nan babu wata manhaja a duniya da za ta dawo da shi. Shi ya sa ma kada ka sauke Recuva ɗin a kan had-dis ɗin da abun ya ɓata, je ka wata kwamfutar ka sa ta a filash, akwai samfurinta da ke tashi daga filash ba sai an girka ba.

Amfani da ita babu wahala ko kaɗan. Za ta tambaye ka wane irin fayil ne, hoto ko takarda ko bidiyo, sannan a ina yake kafin ya ɓace, idan ka tuna foldar ka nuna mata, binciken farko ba ya daɗewa. Sai ta jero maka abin da ta gano kowanne da ɗigon launi a gefe, kore yana nufin lafiya lau, ruwan lemo an ɗan taɓa shi, ja kuma an riga an rubuta wani abu a kansa. Abin da ya fi burge ni don neman fayil ɗaya shi ne akwai wurin rubuta suna, ka rubuta ko rabin sunan ne ta tace maka, ba sai ka bi dubban tarkace ɗaya bayan ɗaya ba, kuma takan nuna ranar da aka taɓa shi a ƙarshe, wanda ke taimakawa sosai ga masu ajiye babi ɗaya da sunaye kusan iri ɗaya. Da ka same shi ka ajiye a filash, kada ka mayar inda ya fito, ita ma za ta gargaɗe ka kan haka. 'Yan uwanmu na Nijar kuma za su iya mayar da ita Faransanci.

Inda ba ta gamsar da ni ba kuwa, koren nan ba alƙawari ba ne. Na sha ganin takardar Word ta fito da kore amma Word ta ƙi buɗe ta, don irin su docx a dunƙule suke, ɗan yanki kaɗan ya lalace duka ta tsaya, hoto ya fi saurin tsira. Sai Deep Scan, wato binciken ƙwaƙwaf, yana iya cin awanni a babban had-dis, idan kwamfutar tebur ce aka ɗauke wuta sai ka faro daga farko, kuma abin da zai tono da yawa ba su da sunansu na asali sai lambobi, dole ka yi ta buɗewa kana dubawa. Duk da haka ta fi PhotoRec sauƙi ga wanda ba gwani ba, ita waccan tana da ƙarfi amma sam ba ta dawo da suna, haka Windows File Recovery da Microsoft ta fitar a 2020 sai ka iya rubuta umarni da hannu.

Babban abin da nake so mutane su sani kafin su sa rai, laftof ɗin yanzu yawancinsu SSD ne a ciki, wato sabuwar ma'ajiyar fayil da ba ta juyawa kamar tsohon had-dis, kuma SSD na da wani tsari da ake kira TRIM wanda ke share wurin da gaske jim kaɗan bayan gogewa, don haka sau da yawa za ka ga sunan fayil ɗin ya fito amma cikinsa wayam. Wannan ba laifin Recuva ba ne, kuma kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan Recuva ta kuɗi za ta yi abin da ta kyauta ta kasa a nan. Idan SSD ne gara ka fara duba OneDrive ko Google Drive, ko imel da WhatsApp ko ka taɓa tura wa malaminka kwafi.

A tsohon had-dis mai juyawa, da filash, da katin memori na kyamara, nan ne take aiki da kyau. Wayar Android kuma idan ka jona ta da kebul Recuva ba za ta ga cikinta ba, sai dai ka zaro katin memorin ka sa a abin karanta kati.