DOSBox: Prince da Dave sun tashi a Windows 11

Windows 11 ba ta buɗe wasan Prince of Persia na 1990, haka ma Dangerous Dave. Ka danna fayil ɗin, ta ce ba zai yi aiki a kwamfutarka ba. Waɗannan wasanni na zamanin DOS ne, tsohon tsarin kwamfuta na kafin Windows, masu bit 16, ita kuwa Windows mai bit 64 ba ta ɗaukar irinsu sam, kuma Windows 11 mai bit 64 ce kaɗai. Shi ya sa zaɓin "compatibility", na buɗe tsofaffin manhajoji, da kowa ke tura ka gare shi ba ya tsinana komai a nan.

Wani mai gyara a nan Gusau cewa ya yi in kawo kwamfutar ya goge komai ya sa min tsohuwar Windows. Saboda Dave? Na ce a'a.

DOSBox na sauke. Kyauta ne, kuma sigar 0.74-3 ta 2019 ba ta kai megabait 2 ba, ko ragowar data ta isa. Aikinsa shi ne ya kwaikwayi tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa, har da sautinta.

Inda mutane ke gudu shi ne baƙin allon da ke tarbarka da Z:\>, babu abin dannawa. Sai ka rubuta mount c c:\wasanni, wato ka nuna masa inda ka ajiye wasannin, sannan c:, sannan sunan wasan. Ƙanena da ya taso da waya a hannu kallo ɗaya ya yi ya miƙe. Akwai hanya mai sauƙi da ya kamata a fara gaya wa kowa: ja fayil ɗin wasan, PRINCE.EXE, ka sake shi a kan alamar DOSBox, nan take zai tashi. In wasa ya cika gudu, Ctrl da F11 na rage shi, Ctrl da F12 na ƙarawa. Alt da Enter kuma ya cika allo. Hoton dai sai haƙuri, a babban allo ɓaro-ɓaro yake. Amma tsallen Prince da ƙarar takobinsa suna nan yadda na san su, har da minti 60 ɗin nan na gama wasan da ba sa isa.

Mai neman GTA Vice City kada ya wahalar da kansa, wannan wasan Windows ne, ba hurumin DOSBox ba. Shi DirectPlay yake nema, wani ɓangare na Windows, a kunna shi a Windows Features ƙarƙashin Legacy Components.

Ga wasannin DOS kuwa, na ba DOSBox huɗu cikin biyar. Baƙin allon ne ya ci ɗayan.