Koci, kyamara ko ƙarin zagaye: me ya kamata mai koyon tseren kat ya fara saya?

Duk wanda ya fara shiga filin tseren kat, ƙananan motocin nan da mazauninsu ke kusan gogar kwalta, yakan fito da tambaya ɗaya tana cin ransa. Inji iri ɗaya, taya iri ɗaya, amma wani yaro ya ba shi ratar sakan biyu a kowane zagaye, ko gumi bai yi ba. Daga nan sai masu shawara su yi yawa. Wannan ya ce sayi na'ura, wancan ya ce ɗauki koci, wani ya ce zauna gida ka yi ta gwadawa a kwamfuta. Kowanne da amfaninsa, sai dai ba ciwo ɗaya suke magani ba. Sanin layin da za ka bi magana ce tsakaninka da agogo. Sanin inda za ka wuce wani kuwa, sai da wanin. Yawancin kayan da ake tallatawa na farkon suke koyarwa, na biyun ƙalilan ne ke taɓa shi.

Kafin ka sa hannu a aljihu, ka san abin da kake nema. Kowace kwana tana da wurare huɗu: inda za ka taka birki, inda za ka karya sitiyari, inda za ka fi matsowa gefen ciki, wanda zan riƙa kira cibiyar kwana, da inda za ka fita. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce ka shigo daga waje, ka taɓa ciki, ka fita waje, don kwanar ta miƙe gwargwadon iko. Amma kat tana da halinta. Tun ta farko wadda Art Ingels ya haɗa a Kalifoniya a 1956, ba ta da shakazoba, kuma tayoyin baya biyu a jikin sandar ƙarfe ɗaya suke, gudu ɗaya suke juyawa. In za ta sha kwana sai firam ya ɗan lanƙwasa, tayar baya ta ciki ta saki ƙasa, in ba haka ba ta turje. Birki a baya kawai yake, in ka cire masu giya irin na ajin KZ. Na haya kuma galibi injin Honda GX ne a jikinsu, giya ɗaya, ga nauyi. In gudu ya mutu maka a tsakiyar kwana, sai ka danne totur ka zauna jira kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Ƙarar tayar nan da sabon shiga ke ji yana jin kansa gwani, gudunsa ne ke zubewa a ƙasa.

Abu mafi araha shi ne ƙarin zagaye, kuma ba na raina shi. Kusan kowane fili yana ba ka takarda ko ya nuna maka lokacin kowane zagaye a allo, ka ga ke nan kana da ma'auni ba tare da ka sayi komai ba. Ka nemi lokacin da babu cunkoso, domin minti goma kai kaɗai sun fi rabin awa a bayan masu bikin ranar haihuwa. In sun yarda ka taka filin da ƙafa kafin a buɗe, kada ka bari ta wuce ka. Za ka ga inda kwalta ta yi baƙi da roba, nan gwanaye suke bi. Za ka ga dakalin gefe wanda ya kwanta ana iya hawa, da wanda ya yi tudu yana jira ya wurgar da kai. Ka zaɓi alamar birki da ba ta motsi, tsagewar kwalta ko ƙarshen fenti. Ni na taɓa ɗaukar wata mazugiyar roba mai ruwan lemo a matsayin alama, na yi zagaye shida lafiya lau, wani ya buge ta, ma'aikacin fili ya mayar da ita gaba kaɗan. A zagaye na bakwai a cikin tulin tayoyi na tsinci kaina.

Aibin wannan hanya a fili yake: wanda ya maimaita kuskure sau ɗari, a kuskuren ya ƙware. Ga kuma motocin haya ba sa zama ɗaya. Yau ka samu mai lafiya ka yi zaton ka iya, gobe ka samu mai gajiyayyar taya ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba.

Kyamara ce abu na farko da zan ce ya cancanci kuɗinsa, GoPro ko 'yar'uwarta. Dalili kuwa, abin da kake zaton kana yi daban, abin da kake yi daban. Za ka rantse ka manne wa cibiyar kwana, bidiyo ya nuna tsakaninku akwai wurin da wata kat za ta shige. Ka kafa ta inda za ta ɗauko hannuwanka da titi tare, sautin inji ma shaida ne, yana gaya maka lokacin da ka ba ta wuta da lokacin da ka yi shakka. Sai dai ka tambayi masu fili tukuna, don da yawa ba sa yarda a liƙa komai a hular kwano. Bidiyon wasu a YouTube kyauta ne, amma ka duba irin motar. Mai injin tsere irin Rotax Max ko X30 yana da ƙarfin da zai yi birki mai tsanani ya juya ya harba, kai mai motar haya in ka kwaikwaye shi sai inji ya shaƙe. Wasu filayen kuma suna sauya tsarin hanya, ko su juya ta a riƙa bi ta baya.

Sai maganar lambobi, inda mutane suka fi ɓarnar kuɗi. Manhajojin waya irin RaceChrono da Harry's LapTimer suna zana maka layinka a taswira, amma GPS na yawancin wayoyi sau ɗaya yake auna wuri a sakan. Yi lissafi: a gudun kilomita 60 a awa, kana cin kusan mita 17 a sakan ɗaya. Ƙaramar kwana za ta iya shigewa tsakanin awo biyu, manhaja ta ja maka miƙaƙƙen layi ta kan ciyawa. In ka haɗa wayar da ƙaramin GPS na waje mai auna sau 10 ko 25 a sakan, labari ya canja. Na'urorin da ake ɗaurawa a sitiyari, MyChron na kamfanin AiM ko Alfano, su ne na masu tseren gaske. Suna riƙe juyin inji da zafinsa, suna raba zagaye kashi-kashi, ka ɗora zagayenka a kan na wanda ya fi ka ka ga daidai mitar da ya fara tsere maka. Amma fa amfaninta yana wajen kwatancen. In ba ka da motar kanka, ba ka da abokin da zai ba ka bayanansa, ka sayi agogo mai tsada ne kawai. Kuma na'ura tana cewa a kwana ta biyar ka yi asara, ba ta faɗin dalili.

Wasannin kwaikwayon tuƙi irin KartKraft da Kart Racing Pro, da sitiyarin kwamfuta mai turo hannu kamar na mota, suna koyar da kallon nesa da tausasa hannu, kuma karo a ciki ba ya karya haƙarƙari. Ba zan daɗe a kansu ba. In filin da kake zuwa ba ya cikin wasan, ba layinsa kake koya ba. Kat kuma da kwankwaso da baya ake jin ta kafin ta zame, kujerar ɗaki ba ta da wannan.

Koci ya fi kowanne tsada in aka auna da awa, amma shi kaɗai ne ke amsa "me ya sa". Nagari zai tsaya a bakin kwana ɗaya yana kallonka zagaye biyar, ka fito ya ce: kana karya sitiyari da wuri, shi ya sa kake ƙarewa a waje kana ɗaga ƙafa, jinkirta da tsawon mota ɗaya. Jumla ɗaya, rabin sakan. Wanda ya fi shi zai shiga wata kat ya ce bi ni, ya tafi da gudun da za ka iya, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, sannan ya koma bayanka. Kafin ka biya, ka tambaye shi ko ya san filin nan da irin motar da za ka tuƙa, mutum nawa zai duba a lokaci ɗaya, kuma ko zai zauna da kai ku kalli bidiyo. Kada kofuna su ruɗe ka. Akwai gwanin da ƙafarsa ta san komai amma bakinsa bai san komai ba, iyakar shawararsa "ƙara wuta". Kuma kada ka ɗauke shi ranar farko, lokacin da ba ka ma haddace kwanar da ke biye da wata ba. Bari sai lokutanka sun daidaita sun ƙi sauka, a nan maganarsa za ta sami wurin zama.

To, wucewa. Layin da ya fi sauri idan kai kaɗai ne, shi ne kuma ke barin ƙofar ciki a buɗe, don haka wanda ya haddace layi kawai yakan zama abincin masu wayo ranar tsere. Wurin wucewa na asali shi ne birki mai nauyi bayan doguwar miƙa, musamman kwana mai juyowa baya gaba ɗaya. Amma ba a nan aikin ke farawa ba. A kwanar da ta gabata ake shirya shi: ka ɗan ja baya, ka jinkirta cibiya, ka fito da gudu fiye da nasa, ka laɓe a bayansa ya yanka maka iska, sannan ka fito ciki. A gudun kilomita 60, kashi ɗaya cikin goma na sakan ya kusa tsawon kat guda, ka ga ke nan fita mai kyau ta isa ta kai ka gefensa. Ba sai ka riga shi shiga ba, ka dai iso kafaɗa da kafaɗa kafin ya karya sitiyari, kwanar ta zama taka. In ka taho daga nesa ka cusa kai, ko ku yi karo, ko ka zarce waje ya sulale ta ciki ya bar ka.

Wannan sulalewar ma dabara ce ta kanta. Idan na gaba ya tsare ciki, bar masa. Ya shiga a matse, dole ya fita a buɗe kuma a hankali, kai sai ka shigo daga waje a makare ka gitta ta bayansa ka riga shi ba da wuta. Akwai kuma kwanoni biyu masu bin juna, hagu sannan dama, inda wajen ta farko shi ne cikin ta biyu. Wanda ya jure ya tsaya a gefen abokin hamayya ta waje a ta farko, shi ke da ta gaba. A kwana mai gudu kuwa, inda kowa ƙafarsa a ƙasa take, haƙuri ya fi.

Babu na'urar da ke koya maka wannan, don kowane abokin hamayya da halinsa. Wani yana tsoron birki, wani yana waiwaye, wani in ya ji bambarka a bayansa sai ya rikice da kansa. Abin da za ka saya a nan shi ne kujera a tsere na gaske: gasar motocin haya ta wata-wata, ko tseren juriya na awanni da ake karɓa-karɓa. Na juriya ya fi mini ga mai koyo, saboda cikin awa ɗaya za ka wuce mutane kuma a wuce ka fiye da yadda za ka gani a gajerun tsere goma. Kusan duk manyan direbobin gasar Formula 1 na zamanin nan ta tseren kat suka biyo. Ayrton Senna sau biyu yana zuwa na biyu a gasar kat ta duniya, a 1979 da 1980, bai taɓa cin ta ba, Max Verstappen kuwa ya ci ta ajin KZ a 2013. Tsayawa a bakin shinge kana kallon tseren manya ma makaranta ce, kuma ba a biya: ka ƙirga a wace kwana ake yawan wucewa, a wace ake yawan gwadawa a kasa.

In filin na waje ne, ranar ruwa kada ka fasa. Robar nan baƙa da ke riƙe taya a rani ita ce ke zama santsi, sai layi ya koma waje inda kwalta ke da kaushi, wuraren wucewa ma su sake. Mutane kan gudu, fili ya zama naka.

Ga mai haya lokaci-lokaci, kyamara da gasa ɗaya sun ishe shi shekara, da koci sau ɗaya in ya maƙale. Na'urar sitiyari ta jira ranar da ya mallaki mota. Kafin ka yi rajistar gasa kuma, ka tambaya ko da ƙuri'a ake raba motoci, ko ana canja su tsakanin tsere, kuma ko ana ƙara wa marasa nauyi dalma a kujera don a daidaita. Inda ba a yin haka, siririn yaro zai wuce ka a miƙa komai kyan fitarka daga kwana, kai kuma ka koma gida kana gyara layin da babu abin da ya same shi.