Jubail ko Sidon da Taya, ina ya fi?

Anti barka da yamma, na ga tambayarki, kwana biyu kacal za ki yi a Lebanon, arewa za ki nufa wajen Jubail ko kudu wajen Sidon da Taya. To ya danganta da abin da ya kai ki.

In tarihin Finikiyawa, mutanen da suka zauna a gaɓar tekun Lebanon a zamanin da, kike son gani da idonki, Jubail ce, wadda Turawa ke ce wa Byblos, kamar kilomita 40 daga Beirut. Nan aka tono akwatin gawar sarki Ahiram a 1923 da rubutunsu a jiki, shi dai yana gidan tarihi na Beirut yanzu amma kaburburan sarakuna da kufan haikalinsu suna nan bakin teku. Daga nan mota ta hau dutse da ke zuwa Annaya wajen kabarin Sharbel, waliyyin Kiristocin Lebanon, wanda ya rasu a 1898, a dawowa ki tsaya Juniye ki shiga motar nan mai tafiya a igiya har Harissa inda mutum-mutumin Maryamu yake tun 1908. Hanya lafiya lau, yini ɗaya ya isa.

Kudu kuwa ƙasar da Yesu ya taka ce da ƙafarsa, ki duba Markus 7, a yankin Taya ne wata mata ta roƙe shi ya warkar da 'yarta, kuma Bulus ya yi kwana bakwai a garin. Kan tudu bayan Sidon akwai garin Magdushe, da kogon da mutanen wurin ke cewa nan Maryamu ta zauna jiransa, sai Sarafand a kan hanya, ita ce Zarefat ta annabi Iliya da gwauruwar nan. Sai dai yawancin abin da za ki gani a Taya na Romawa ne, kamar filin tseren keken doki, na Finikiyawa sosai sai haikalin Eshmun, wani abin bautarsu, kusa da Sidon. Ni kam kudu ta fi taɓa min zuciya nesa ba kusa ba, amma yaƙin 2024 ya taɓa Taya sosai, don haka ki bi labarin tsaro har ranar tafiya, in babu kwanciyar hankali ki yi arewa kawai.

Sannan tunda kin taɓa zuwa Urushalima, don Allah ki duba fasfonki tun yanzu, in akwai biza ko hatimin Isra'ila a ciki ba za su bar ki ki shiga Lebanon ba.